Baƙar lakar da ake sayarwa a Alabar da ta Bosumtwi: wai duk ɗaya ce?

Ɗan Aboabo:
Salamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, masu ilimi a taimaka. Kwanan nan wata baƙar laka ta shigo nan Kumasi a cikin 'yan robobi masu murfi, ana sayarwa a Alabar da wajen Kejetia. Wai daga Tekun Lut take, tafkin gishirin nan na wajen Jodan, tana maganin ciwon gwiwa da sanyin ƙashi da ƙurajen fuska. Tsohuwarmu ta jiyo labarin a gidan suna, yanzu ba ta da zance sai shi. Da na faɗa wa wani abokin aikina Ba'asante kuɗin roba ɗaya, dariya ya yi, ya ce ga tafkin Bosumtwi nan kusa da mu, lakarsa ma baƙa ce, har warin iri ɗaya, in je in ɗebo kyauta. To wai laka laka ce? Ko akwai abin da ke cikin waccan wanda babu a tamu?

Direban Kuntanase:
Wa alaikumus salam. Ka nemo bokiti mai murfi kawai, Asabar mu bi ta Atonsu mu gangara Abono. Kuɗin mai za ka biya, laka kyauta. Amma a saman mota bokitin zai zauna, ba zan kori fasinja da wari ba.

Hajiya Mai Turare:
Ɗana, kada ka bari su ruɗe ka. Ni ma ina sayar da ita, ba ɓoyewa nake ba. Duk wanda ya je Jodan ya gani da idonsa, Turawa ne cike da bakin ruwan, sun shafe jiki baƙi ƙirin suna shan rana. Kuɗin jirgi suke biya don wannan lakar. Ka taɓa jin an ce wani ya taso daga Jamus ya zo Abono shafa taɓo? Mata nawa suka saya a hannuna suka dawo suna sa min albarka.

Malamin Kimiyya:
Hajiya, barka da kasuwa. Ɗan'uwa, rabin maganar abokinka gaskiya ce. Baƙin da warin asalinsu ɗaya ne ko'ina a duniya. In ganye da gansakuka da matattun ƙananan halittu suka nutse ƙasan ruwa, laka ta binne su, iskar oksijin takan ƙare a wurin. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da ba ruwansu da oksijin, da wani gishirin farar wuta da ke narke a ruwa suke numfashi, shi ake kira salfet. Abin da suke fitarwa shi ne iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ita kuma iskar in ta gamu da ƙarfen da ke cikin ƙasa sai su zama wani baƙin gari mai laushi, shi ke rina lakar. Shi ya sa in ka kwaso irin wannan laka ka shanya, sai ka ga sama ya koma toka-toka ko ruwan ƙasa, ka fasa ta ka tarar ciki yana nan baƙi. Iska ce ta taɓa ƙarfen ya yi tsatsa.

Saboda haka baƙi da wari ba su shaida maka komai a kan magani. Iyakar abin da suke nunawa, lakar ta daɗe a inda iska ba ta kaiwa.

'Yar Nima:
Ashe mu a Ankara (Accra) arziki muke takawa ba mu sani ba. Ga lakar kududdufin Korle nan baƙa wuluk, wari tun daga Agbogbloshie. Gobe zan fara ɗurawa a roba 😂

Malamin Kimiyya:
Wasa kike, amma kin faɗi daidai. Aikin da bakteriyar ke yi a Korle da Odaw da kwatar Subin ta nan Kumasi, shi suke yi a tafkunan da ake zuwa jinya. Inda aka rabu shi ne me ya shiga ruwan kafin lakar ta kwanta.

Hajiya Mai Turare:
Haba Malam. Da girmanka ka haɗa kayana da kwata a gaban jama'a?

Malamin Kimiyya:
Allah ya huci zuciyarki Hajiya, yanzu zan zo inda gaskiya take wajenki.

Ɗanyar laka kaso mai yawa na nauyinta ruwa ne, kuma ruwan tafkin da ta kwanta a ciki ne. To mu auna ruwan biyu. Lita ɗaya ta ruwan Tekun Lut tana ɗauke da gishiri wajen giram 340. Ruwan teku na Labadi ko Tema giram 35 ne. Kusan ninki 10 kenan. Kuma mafi yawan gishirin ba irin na miya ba ne, magniziyam ya fi yawa, sannan ga sodiyam da kalsiyam da potasiyam da buromin. Shi ya sa ruwan ɗaci gare shi mai ƙona harshe, kifi ba ya rayuwa a ciki, mutum kuma ba ya nutsewa da sauƙi. Dalilin taruwar gishirin, wurin rami ne, ya yi ƙasa da fuskar teku da fiye da mita 430, babu inda ya kai shi zurfi a doron ƙasa. Kogin Jodan yana shiga, babu kogin da ke fita, rana ce kaɗai ke kwashe ruwan. Kamar tukunyar miya ce da aka manta a kan wuta, ruwa na tafiya, gishiri na zama.

Bosumtwi shi ma ba shi da mafita, nan suka yi kama. Amma kama da wane ba ta wane. Mu nan ƙasar Asante ruwan sama yana mayar da abin da rana ta ɗauka, don haka gishirin da ke narke a lita ɗaya bai wuce giram 1 ba. Nau'insa ma daban, dangin kanwa ne, sodiyam da bayikabonet. A ma'aunin pH, inda 7 ne tsakiya, ƙasa da haka tsami, sama da haka kanwa-kanwa, saman Bosumtwi yana wajen 9, Tekun Lut yana wajen 6. Wanda ke son gani da ido, ya ɗebo ruwan tafkin a kofin gilashi, ya ɗiga sobolo (zoɓo) kaɗan wanda ba a sa wa lemo ba, ya ɗiga irinsa a ruwan leda, ya jera su. Na tafkin jansa zai dushe ya karkata shuɗi-shuɗi ko kore-kore.

Kenan ko da lakar biyu sun yi kama a ido, abin da fata za ta sha a cikinsu ba ɗaya ba ne. A nan Hajiya ta ci. In dai abin da ke robar daga can ɗin yake.

Hajiya Mai Turare:
"In dai" ɗin nan taka ce matsala.

Baban Yalwa:
Salamu alaikum yara. Malam, Allah ya ƙara basira. Ni zamanin da nake yawon sayen goro da koko a ƙauyukan can na sha kwana a bakin tafkin nan. Tsofaffin wurin suna ba da labari cewa akwai shekarar da ruwan ke juyewa, launinsa ya canza, wari ya cika kwarin, kifi ya taso sama yana haki har yara su riƙa kwasa da kwando. Sai su ce tafkin ya harba albarushi. Kuma a lokacin ba ka isa ka sa jirgin ƙarfe a ruwan ba, gungumen katako ne da suke kira padua, mutum ya hau ya riƙa tuƙi da hannu ko da 'yan ƙore. Su a wurinsu ruwa ne mai tsarki, can suke cewa ran mamaci ke zuwa ban kwana. Mu dai ba addininmu ba ne, amma mun zauna da su lafiya, ba mu taɓa taka musu doka ba. Abin da nake son ji, albarushin nan yana da alaƙa da warin ƙwan da ka ambata?

Malamin Kimiyya:
Baba, ran ka ya daɗe, shi ne ainihinsa. Farar wuta tana cikin haɗin albarushin bindigar toka, shi ya sa hancinsu ya kai su can.

Tafkin faɗinsa wajen kilomita 8 ne, zurfinsa a tsakiya kusan mita 80, ga tuddai sun kewaye shi suna tare iska. Rana tana dumama ruwan saman tafkin, ruwa mai ɗumi kuwa ya fi sauƙi, sai ya zauna a kan mai sanyi ba su gauraya. Bambancin zafin 'yan digiri kaɗan ne, amma ya isa. Daga wajen mita 15 zuwa 20 a yi ƙasa, yawancin shekara babu oksijin, can iskar mai wari ke taruwa. In saman ya yi sanyi, kamar watan Agusta da hadari ke rufe rana ko tsakiyar hunturu, sai ya yi nauyi ya nutsa, na ƙasa ya taso. Shekarar da juyin ya yi zurfi, ruwan da ya taso ba numfashi a cikinsa kuma ga guba, kifi ya rasa inda zai sa kansa. Baturen nan Rattray ma ya rubuta labarin tun 1923, daga bakin mutanen wurin.

'Yar Nima:
Innalillahi. Ba irin na Kamaru ba kenan, wanda ya kashe mutane suna barci?

Malamin Kimiyya:
A'a, ki kwantar da hankalinki. Tafkin Nyos a bakin dutse mai aman wuta yake, iskar kabon ce ke shigowa ta ƙarƙashinsa tana taruwa, a 1986 ta ɓalle lokaci guda ta kashe mutum fiye da 1,700. Bosumtwi ba dutsen wuta ba ne. Dutse ne daga sararin samaniya ya faɗo, shekara kusan miliyan 1 da suka wuce, ya haƙa rami mai faɗin kilomita 10 da rabi. Ƙarfin bugun ya narkar da duwatsu ya watsa su, har a Kodebuwa an tsinci ɓurɓushin da ya koma gilashi.

Direban Kuntanase:
To Malam, in na fahimce ka lakar gaske tana can tsakiya. Ni na tuna lokacin da aka kawo wani dandamali mai iyo da injin haƙa aka kafa a tsakiyar ruwa, manyan motoci suna gangara kwanar Abono da bututu, birki na hayaƙi. Mutane suka ce zinariya ake nema, wasu suka ce mai. Ko lakar magani suka zo kwasa a ɓoye?

Malamin Kimiyya:
Hahaha, a 2004 ne, kuma laka suka zo nema da gaske, amma ba don shafawa ba. Masana ne daga ƙasashe da dama tare da na Gana, suka huda lakar tsakiya kusan mita 300 kafin su kai dutse. Da yake ƙasan babu oksijin, babu tsutsa ko kifin da zai tona, sai lakar ta kwanta siriri-siriri, kowace shekara da layinta. Daga nan suka karanta tarihin damina da fari na yankinmu. Sun gano wani dogon fari da ya kama daga wajen 1400 zuwa 1750, ruwan ya ja baya har itatuwa suka tsiro a inda ya bari, daga baya ya dawo ya shanye su. Kututturan nan da kake gani tsaye a cikin ruwa daga irin wannan hawa da sauka suke.

Amma bokitinka ba zai kai can ba. Abin da za ka kwasa a gaɓa shi ne abin da ruwan sama ya wanko daga gonakin koko da na rogo, da takin zamani da maganin feshi, da kumfar wanki, da kashin awaki, da abin da 'yan shaƙatawa suka bari ranakun hutu. Ƙauyuka fiye da 20 ne suka kewaye tafkin. Kuma tun da babu kogin fita, abin da ya shiga ya shiga kenan. UNESCO ma ta sa shi cikin wuraren kiyayewa a 2016. In kowane mai ciwon gwiwa a Kumasi ya je da bokiti, wata ɓarnar ce kuma.

Ɗan Zango a Padoba:
Salam daga Italiya. Ina bin zancen tun ɗazu a wurin aiki. Kusa da mu akwai wani gari Abano, sana'arsu kenan, otal-otal na laka. Na yi aikin wankin tawul a ɗaya daga cikinsu, har yau in na tuna ina jin warin a hancina, tawul fari ya dawo ruwan toka sai an jiƙa shi kafin a sa a inji. Abin da nake so ku sani, su ba kwasowa suke daga tafki su liƙa wa mutum ba. Yumɓun daga ƙananan tafkunan yankin ake ɗebo shi, a tace, a zuba a manyan kwatarniyoyin siminti, a sakar masa ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, wanda a mafitarsa ya haura digiri 80. Ruwan yana gudana a kansa kusan wata 2, har wata koriyar gansakuka ta rufe saman, sai su ce ya nuna. Ranar da za a sa maka, likita ne zai fara duba jininka da zuciyarka. A shimfiɗa lakar da ɗumi wajen digiri 40, a lulluɓe ka minti 15 zuwa 20, a wanke ka, ka kwanta ka yi gumi. Gwamnatinsu ma tana biyan wani kaso in likita ya rubuta.

Wani abokin aikina ɗan Romaniya kuma ba ya gajiya da zancen tafkin garinsu, Techirghiol, kusa da Konstanza a bakin Baƙin Teku. Su ma gishirin ruwan ya fi na teku nesa, lakar daga gansakuka da wasu 'yan mitsi-mitsin jatan lande take ruɓowa. Har tatsuniya gare su, wai wani tsoho gurgu ne jakinsa ya kafe a taɓon, garin fitar da shi ya fito ya ji ƙafa ta saki, gyambon jakin ma ya warke.

Direban Kuntanase:
Ka ji. Jaki ma ya warke ba likita ba awon jini.

Anti Nas:
Direba, jakin ba shi da hawan jini da ciwon suga 😅 Bari in sa baki, tun da mu ake kawo wa in abu ya ɓaci.

Gaskiyar magana, an yi gwaje-gwaje a kan masu amosanin gwiwa, kuma da yawa sun samu sauƙin ciwo da sakewar gaɓa na wani lokaci bayan ɗaurin laka mai ɗumi. Ba ƙarya ba ce. Amma babban ma'aikacin zafin ne. Laka mai laushi tana riƙe ɗumi ta sake shi a hankali, fata na iya jure zafin da in ruwa ne ba za ta jure ba, jini ya gudana, nama ya saki. Guringuntsin da ya cinye kuwa laka ba ta mayar da shi. Masu ciwon fatar nan mai ɓawo da ake kira soriyasis da ke zuwa Tekun Lut, makonni suke yi suna wanka da ruwan gishirin suna shan rana da ƙa'ida, ranar tana da babban rabo a sauƙin. Roba ɗaya a ɗaki a Aboabo ba za ta ba ka wannan ba.

Inda nake roƙonku da Allah: kada a sa kowace irin laka a kan buɗaɗɗen ciwo ko tsagar wanzami. Ƙwayar tetanos a ƙasa take zaune. Yankin Amansie nan kusa da mu sananne ne da gyambon Buruli, kuma ciwon yana tafiya da wuraren fadama da kwantaccen ruwa. Mai ciwon suga ƙafarsa ba ta jin zafi sosai, zai ƙone bai sani ba. Gwiwar da ta kumbura ta yi zafi ta yi ja, ɗumi ƙara mata yake, wannan asibiti za a kai, a Gee, wato asibitin Komfo Anokye, akwai masu gashin ƙashi. Mai juna biyu da mai ciwon zuciya su ma su bari.

Ɗan'uwa, in ɗumi Mama ke so, tawul da ruwan ɗumi da man kaɗanya za su yi mata rabin aikin.

Ustaz na Sawaba:
Jama'a an yi ta kimiyya an manta wani ɓangare. Da yawan malaman tarihi a yankin nan suke sa garuruwan mutanen Annabi Luɗu, alaihis salam. Kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya bi ta Hijir, garin Samudawa, ya sa a zubar da ruwan da aka ɗebo a rijiyoyinsu, ƙullin da aka kwaɓa da shi a ba raƙuma. Saboda haka wasu malamai suka ƙi a nemi magani ko ado da abin da ya fito daga wurin azaba.

Hajiya Mai Turare:
Ustaz, wasu malaman kuma sun halatta, sun ce babu nassin da ya ayyana cewa ruwan nan kansa shi ne wurin. Musulmin Jodan da Falasɗinu a bakinsa suke zaune suna cin abinci da shi. Takin potash da ake haƙa a can har gonakin duniya yake zuwa, shi ma za a haramta?

Ustaz na Sawaba:
Hajiya, ni saɓanin na kawo don mai tambaya ya sani, ban yanke ba.

Mai Kula da Zaure:
An ji ɓangarorin biyu. Mai son fatawa ya samu malaminsa bayan Magariba. A koma kan laka.

Magini Ɗan Asawase:
Ni ba boko na yi ba amma ƙasa sana'ata ce. Ɗan Aboabo, in ka samu robar, ɗebi cokali 2 ka zuba a farar kwalba, ka cika da ruwa, ka girgiza sosai ka ajiye a taga. Yashi zai zauna nan take, garin ƙasa ya biyo baya cikin 'yan awoyi, yumɓu shi ne na ƙarshe, sai ya kwana. Haka muke gane ƙasar bulo. In an cuɗa da gawayi don ta yi baƙi, za ka ga baƙin yana yawo a sama ko ya manne a jikin kwalba.

Malamin Kimiyya:
Madalla da Magini. A ƙara da biyu. In ruwan ya kwanta, tsiyayi kaɗan a baƙin faranti ka sa a rana. Lakar da ta fito daga ruwa mai gishiri giram 340 dole ta bar farin ɓawo, kuma da yake gishirin magniziyam yana jan laima, in ka bar farantin ya kwana a iskar Kumasi za ka tarar ya yi damshi. Na biyu, matsa lemon tsami a kan ɗan guntun lakar, a waje ba a ɗaki ba. Lakar can tana da alli a ciki, za ta yi 'yar kumfa. Kada dai a ɗanɗana.

Ɗan Aboabo:
Na dawo da rahoto. Maƙwabciyarmu ta saya a wajen wani mai tura baro, ba wajen Hajiya ba, ta sam min. A kwalba, yashi ya zauna kusan kaurin yatsa, mai ƙyalli-ƙyalli, irin na bakin rafi. Sama kuma wani baƙin abu ya yi zobe a wuyan kwalbar, na shafa da yatsa ya yi min baƙin tukunya, ga ƙamshin man zafi yana tashi. Farantin ya bushe tas, ɗan dabbare ne kawai kamar inda ruwan famfo ya bushe, da safe ma a bushe na same shi. Lemo kuma ko motsi. Robar babu adireshi, babu lamba, hoton wata mata ne kawai da baƙar fuska da rubutun Larabci da ko Ustaz ɗin unguwarmu ya ce haruffan a warwatse suke.

Direban Kuntanase:
Wannan Tekun Lut ɗin bai wuce bayan Race Course ba 😂😂

Hajiya Mai Turare:
Kun gani? Irin waɗannan ke ɓata mana kasuwa. Tawa daga Dubai nake sarowa, a leda mai hatimi take zuwa, da sunan kamfani da ranar lalacewa. Ni ce ma nake rarrabawa a ƙananan robobi don masu ƙaramin ƙarfi.

Anti Nas:
Hajiya, rarrabawar nan ita ce inda nake jin tsoro. Da zarar an buɗe hatimi an sa cokali da hannu, an fita daga alhakin kamfani. Kayan shafa a ƙasar nan hukumar abinci da magunguna, FDA, ke yi wa rajista. Ki duba ledar ko da lambarsu.

Malamin Kimiyya:
Kuma akwai abin da kwalba da lemo ba za su taɓa nunawa ba, shi ya fi damuna da lakar mai baro. Laka maɗaukar ƙarfe ce. Ƙwayar yumɓu ƙarama ce ƙwarai kuma tana da cajin lantarki a jikinta da ke kama dalma da zaiba da asanik, ruɓaɓɓen ganye da baƙin garin farar wutar nan su ma suna kamawa. Shi ya sa za ka auna ruwan kogi ka ga da sauƙi, ka auna lakar ƙasansa ka ga abin ya ninka. To ku duba kogunan Ofin da Pra da Oda yadda galamse, wato haƙar zinariya ta bayan fage, ya mayar da su, zaibar da ake kama zinariya da ita a laka take kwanciya. Duwatsun zinariyar Obuasi kuma da asanik a jikinsu tun asali. In mai baro a bakin irin wannan ruwa ya ɗebo, an shafa a gwiwa, an share da hannu, an ci tuwo, jika ya lashi murfin robar. Zamfara a 2010 ƙurar dutsen zinariya mai dalma ce ta kashe yara wajen 400, kuma ƙasar a ido ba ta da wani aibu.

'Yar Nima:
Wannan ya tuna min da ayilo, farar ƙasar nan. Mata masu ciki a nan Nima da Mamobi ci suke kamar gyaɗa, daga Anfoega ake kawowa. In shafawa abin tsoro ne, ina ga haɗiya?

Anti Nas:
Kullum muna faɗa a wajen awo. Yawan kwaɗayin farar ƙasa sau da yawa alamar ƙarancin jini ne, ita kuma ƙasar tana ƙara hana hanji ɗaukar sinadarin ƙarfen da ke gina jini, ga taurin bayan gida. Amma wannan zare daban za mu buɗe masa, don matan zauren nan za su cinye ni.

Baban Yalwa:
Ni shawarata, tun da akwai masu awon a garin nan, a daina gardamar baki. Malam, ina ake kaiwa?

Malamin Kimiyya:
Baba, sashen kimiyyar haɗa sinadarai na Tek, wato jami'ar KNUST, suna da na'urar auna ƙarafa, haka hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, da cibiyar binciken ruwa ta CSIR, da hukumar nukiliya da ke Kwabenya a Ankara. Kowane ƙarfe da kuɗinsa ake biya. In za a yi, a kai samfuri 3: na mai baro, na Hajiya, da na gaɓar Abono. A sa a roba mai tsabta, a cika ta har baki don kada iska ta shiga, a rubuta lamba kawai ba suna ba, yadda mai awon ba zai san na wane ne ba. A nemi dalma, zaiba, asanik, da yawan gishiri.

Hajiya Mai Turare:
Na yarda, zan ba da leda guda ba a buɗe ba, kuma zan biya kuɗin awon tawa. Amma da sharaɗi: in ta fito da tsabta, Malam zai rubuta a zauren nan da manyan baƙaƙe, kuma ya janye maganar kwata.

Malamin Kimiyya:
Zan rubuta Hajiya. Amma ki ba da ta robar da kike rarrabawa ita ma, ita ce ke zuwa hannun mutane.

Hajiya Mai Turare:
Sun zama 4 kenan. Ta huɗun kai za ka biya.

Direban Kuntanase:
Ta Abono ni zan kawo, sai dai wani ya raka ni mu gaida mai garin tukuna, ba na ɗiban komai a ruwan nan ba izini. Wa ke riƙe kuɗin? In Momo ne, wato turin kuɗi ta waya, kada a turo ta layina, ana bi na bashi a kai, cirewa za su yi.